Ba a Mugun Sarki Sai Mugun Bafade? Sharhi a Kan Tattalin Arziki da Abubuwan Kunya na Mulkin Alhaji Shehu Shagari, 1979-1983

1.0 Gabatarwa



Hausawa suna cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ga alama wanda ya fara faɗin wannan magana talaka ne da ke son ya kai kukansa fada ba tare da ya jawo wa kansa bala'i ba, don haka sai ya ɗora laifi a kan wanda ake iya zagi, ya tsame wanda ba a iya taɓawa. Da tafiya ta yi nisa sai wannan dabara ta tsira ta rikiɗe ta zama ma'aunin da muke auna shugabanni da shi. A ganinmu babu wani shugaban Nijeriya da ya ci moriyar wannan ma'auni kamar marigayi Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, Turakin Sakkwato, wanda ya shugabanci Jamhuriya ta Biyu daga ranar 1 ga Oktoba, 1979 zuwa ranar 31 ga Disamba, 1983.

Duk inda aka ta da zancen mulkinsa a ƙasar Hausa, uzuri biyu ake kawowa. Na farko shi ne cewa farashin man fetur ne ya faɗi a kasuwar duniya, kuma ko wane ne ke bisa kujerar a lokacin haka zai gani. Na biyu shi ne cewa shi kansa mutumin kirki ne, bai tara dukiya ba, mutanen da ke kewaye da shi ne suka yi ɓarna. Manufar wannan takarda ita ce ta ɗora waɗannan uzurori biyu a kan sikeli. Za mu yi ƙoƙari mu nuna cewa kowannensu yana ɗauke da gaskiya, amma gaskiyar ba ta kai nauyin da za ta sauke alhakin daga wuyan shugaban ba.

Mun san al'adarmu da addininmu sun hore mu da ambaton mamaci da alheri. Alhaji Shehu ya rasu ranar 28 ga Disamba, 2018, yana da shekara 93, Allah Ya jiƙansa. Abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa ba hurumin wannan takarda ba ne. Amma aikin da aka yi a kan kujerar jama'a da dukiyar jama'a, wannan kam haƙƙin jama'a ne su bincika, domin ma'aunin da muka auna shugaban jiya da shi, da shi za mu zaɓi na gobe.

2.0 Mutumin da Kujerar da Ya Hau

Kafin a yi wa mutum uzuri da rashin sani ko rashin iko, ya kamata a dubi abin da ya sani da kuma ikon da aka ba shi.

An haifi Shehu Shagari a 1925, ya fara aiki a matsayin malamin makaranta, kuma marubucin waƙa ne da 'yan makarantar Arewa suka daɗe suna karanta Waƙar Nijeriya tasa. Ya shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1954. A Jamhuriya ta Farko ya riƙe ma'aikatu da dama, cikinsu har da ta raya tattalin arziki, da ta harkokin cikin gida, da ta ayyuka. A zamanin Janar Yakubu Gowon ya zama Kwamishinan Kuɗi na Tarayya daga 1971 zuwa 1975, inda ya gaji Cif Obafemi Awolowo. Watau shi ne ke riƙe da baitulmali sa'ad da farashin mai ya ninka har sau huɗu tsakanin 1973 da 1974. A gabansa aka yi ƙarin albashin Udoji, a gabansa ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka cushe tashar Ikko a 1975. Har wa yau yana nan a 1978 lokacin da kasuwar mai ta yi sanyi, gwamnatin Janar Obasanjo ta tsuke bakin aljihu ta kuma ci bashin Dala miliyan 1,000 daga bankunan waje. Ke nan a cikin 'yan takarar 1979 ba mu ga wanda ya fi shi sanin cewa kuɗin mai kamar ruwan damina yake ba, yana zuwa yana ɗaukewa.

Daɗin daɗawa, a 1978 shi da Jean Boyd sun wallafa littafi da Turanci a kan shugabancin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Duk wanda ya nazarci rubuce-rubucen shugabannin jihadi, irin su Kitabul Farƙi na Shehu da Liya'ul Hukkami na Abdullahin Gwandu, ya san cewa sun aza harsashin mulki a kan nagartar waziri da alƙali da sauran wakilai, kuma a wuyan shugaba suka rataya nauyin zaɓensu da bin diddiginsu. A wannan makaranta, mugun bafade shaida ne a kan sarkin da ya naɗa shi ya kuma bar shi. Saboda haka in mun auna Alhaji Shehu da wannan ma'auni ba mu kawo masa baƙon abu ba.

Kujerar kuwa ba irin ta Firayim Minista ba ce. Tsarin Mulkin 1979 ya danƙa ikon zartaswa na Tarayya a hannun Shugaban Ƙasa. Shi ke zaɓen ministoci, Majalisar Dattijai ta amince, shi kuma ke da ikon sauke su duk ran da ya ga dama.

Sai dai adalci ne mu faɗi cewa ƙafafun kujerar ba su da ƙwari sosai. Ya ci zaɓen 1979 da abin da bai wuce kashi 34 cikin 100 na ƙuri'u ba, kuma sai da Kotun Ƙoli ta karɓi lissafin nan na jiha goma sha biyu da biyu bisa uku kafin nasarar ta tabbata. Jam'iyyarsa ta NPN kujera 36 ta samu cikin 95 a Majalisar Dattijai, da 168 cikin 449 a ta Wakilai, dole ta ƙulla yarjejeniya da NPP, wadda ita ma ta wargaje a 1981. Ita kanta NPN gamayya ce ta manyan mutane daga sassa dabam-dabam, kowa da mabiyansa da ke jiran rabo. Wannan batu yana da muhimmanci ga abin da za mu faɗa nan gaba, domin a fahimtarmu kwangila da lasin shigo da kaya su ne igiyar da aka ɗaure wannan gamayya da ita.

3.0 Uzuri na Farko: Faɗuwar Kasuwar Mai

Babu mai musun cewa kasuwar mai ta juya wa Nijeriya baya. A 1979 ƙasar tana haƙo kusan ganga miliyan 2.3 a kowace rana, a 1983 kuwa abin bai kai ganga miliyan 1.3 ba. A farkon 1981 ana sayar da gangar man Nijeriya Dala 40, a Fabrairun 1983 sai da aka mayar da ita Dala 30. Kuɗin da ake samu daga sayar da mai a waje ya sauko daga kimanin Dala miliyan 25,000 a 1980 zuwa kimanin miliyan 10,000 a 1983. Ƙasar da mai ke ba ta fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin musayarta dole ta girgiza.

To amma abin tambaya shi ne, me aka yi da shekarun yalwa, kuma yaushe aka farga? Gwamnatin Shagari ta fara ne daidai lokacin da juyin juya halin Iran ya cilla farashin mai sama. A ƙarshen 1980 ajiyar kuɗin waje ta Nijeriya ta kai kimanin Dala miliyan 10,000. A 1983 abin da ya rage bai wuce kimanin miliyan 1,000 ba. A cikin waɗannan shekaru kuma bashin da ake bin ƙasar a waje ya tashi daga kusan Dala miliyan 9,000 zuwa kusan miliyan 18,000. Watau an cinye ajiya, sa'an nan aka ninka bashi, duk a cikin shekara uku.

Inda kuɗin suka bi ba ɓoyayye ba ne. A 1981, shekarar da cinikin mai ya fara ja da baya ƙarara, kayan da ake shigowa da su sun haura na Naira miliyan 1,000 a kowane wata. A wannan shekara aka ƙaddamar da Shirin Raya Ƙasa na Huɗu, na 1981 zuwa 1985, wanda aka yi wa kasafin Naira miliyan 82,000 bisa zaton cewa mai zai ci gaba da tsada. An gaggauta aikin gina Abuja har aka yi bikin 'yancin kai a can a Oktoban 1982, tun gari bai zama gari ba. Aikin ƙarfe na Ajaokuta yana ta lashe kuɗin waje, ga gidaje masu sauƙin kuɗi da aka yi alkawarin ginawa 2,000 a kowace jiha a kowace shekara, waɗanda da yawansu aka kafa su a bayan gari inda babu ruwa babu hanya.

Ba za a ce babu wanda ya yi gargaɗi ba. A Yulin 1981 Cif Awolowo ya rubuta wa Shugaban Ƙasa wasiƙa yana jan hankalinsa cewa tattalin arziki ya doshi hallaka. Manyan gwamnati da na jam'iyya suka mayar da martani cewa babu abin damuwa, adawa ce kawai. Wata tara bayan haka, a Afrilun 1982, Shugaban da kansa ya kai wa Majalisa dokar daidaita tattalin arziki, wadda jama'a suka sani da dokar tsuke bakin aljihu. Ko da a ce Awolowo don siyasa ya yi maganarsa, alƙaluman da ya dogara da su suna nan a Babban Banki, kuma tsohon Kwamishinan Kuɗi bai buƙaci abokin hamayya ya karanta masa su ba.

Dokar 1982 ta zo a makare, kuma nauyinta a kan talaka ya sauka. Da aka taƙaita shigo da kaya sai masana'antu suka rasa kayan sarrafawa da kayan gyara, suka shiga sallamar ma'aikata a Ikko da Kano da Kaduna. Sabulu da madara da sukari suka yi wuyar samu. Hauhawar farashi ta haura kashi 20 cikin 100 a 1983, ta cinye mafi ƙarancin albashi na Naira 125 da ma'aikata suka samu bayan yajin aikin 1981. A jihohi da dama malaman firamare sun shafe watanni ba albashi, alhali yaran da aka ɗiba a shirin ilimin firamare kyauta na 1976 suna cike da azuzuwa. A 1983 gwamnati ta fara neman rance daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ƙofar da daga baya ta kai ƙasar ga shirin gyaran tattalin arziki na 1986.

Don a ga cewa ba ƙaddara ce da ba ta da makawa ba, mu dubi Indunusiya. Ita ma ƙasa ce mai yawan jama'a, mai sayar da mai, kuma cin hanci ya yi mata katutu. Amma ta rage darajar kuɗinta a 1978 da 1983 domin ta kare manomanta da masana'antunta, ta zuba kuɗin mai a taki da noman rani da hanyoyin karkara, har ta kai ga ciyar da kanta da shinkafa a 1984. Ba muna yabon mulkin kama-karya na Suharto ba ne. Abin da muke nunawa shi ne guguwa ɗaya ta kaɗa ƙasashen biyu, bambancin yana wajen shirin da kowace ta yi.

4.0 Shinkafa, Lasin da Darajar Naira

In ana son a fahimci yadda tattalin arziki da abin kunyar siyasa suka zama abu guda a wannan mulki, to a dubi shinkafa.

A 1980 gwamnati ta ƙaddamar da shirin Juyin Noma, da alkawarin cewa cikin shekara biyar Nijeriya za ta ciyar da kanta. Amma a daidai wannan lokaci an bar Naira da darajar da ta fi ƙarfinta, domin a 1980 kwabo 55 ke sayen Dala ɗaya a hukumance. Sakamakon haka shi ne shinkafar Amurka da ta Tailan ta fi ta manomin Sakkwato ko na Bida araha a tashar jirgin ruwa. Daga 1981 zuwa 1983 ana shigo da fiye da tan 500,000 na shinkafa a kowace shekara, kuma kuɗin abincin da aka shigo da shi a 1981 ya haura Naira miliyan 1,500. Da hannun dama ana raba wa manomi taki, da hannun hagu ana kashe masa kasuwa.

Tun da yake Dalar hukuma tana da araha kuma ba ta isar kowa, sai aka koma raba ta ta hanyar lasin. A nan ne ɓarnar take. Wanda ya sami lasin shigo da shinkafa ya sami damar sayen Dala a farashin hukuma, alhali a kasuwar bayan fage, zuwa 1983, farashinta ya fi ninki biyu. Bai ma buƙatar ya shigo da ƙwaya ɗaya, yana iya sayar da takardar ga ɗan kasuwa ya koma gida da riba. Ɗan kasuwar kuwa zai ɗora abin da ya biya a kan buhu, ya kuma ɓoye kaya har farashi ya tashi. Ta haka ne manomi ya yi asara saboda shinkafar waje, mai saye ma bai sami sauƙin da ya kamata arahar ta kawo masa ba, ribar ta maƙale a hannun mai takarda. Takardar kuwa ba a kasuwa ake samunta ba, sai ta hannun masu iko.

Shugaban Ƙasa ya kafa kwamiti na musamman a kan shinkafa, ya ɗora Ministan Sufuri, Alhaji Umaru Dikko, a kansa. Sunan wannan kwamiti ya zama abin zance a jaridu da majalisa, ana zargin cewa lasin ya zama ladan biyayya ga jam'iyya. Alhaji Umaru ya musanta zarge-zargen har ƙarshen rayuwarsa, kuma yunƙurin da aka yi na sato shi cikin akwati daga Landan a Yulin 1984 ya ci tura a filin jirgin sama na Stansted. Ba aikinmu ba ne mu yanke masa hukunci. Abin da muke cewa shi ne, tsarin da ya mayar da sa hannun jami'i ya fi gonar manomi riba, tsari ne na gwamnati, kuma shugaban gwamnatin masani ne a kan kuɗi.

Wani abin da ya nuna matsayin manomi a wannan Juyin Noma shi ne abin da ya auku a Bakolori, kusa da Talata Mafara, a Afrilun 1980. Gwamnatin soja ce ta gina madatsar ruwan, wannan gaskiya ne. Amma a zamanin farar hula ne manoman da aka raba da gonakinsu suka tare hanyoyi suna neman diyya, aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta, aka ƙone ƙauyuka. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, masu bincike kuwa sun ce ɗaruruwa ne. Wannan ya faru a jihar Shugaban Ƙasa ta haihuwa, kuma 'yan sanda na Tarayya ne.

5.0 Uzuri na Biyu: Laifin Fadawa

Yanzu sai mu juya ga uzurin da ya fi kama zukatan mutane. Za mu kawo al'amura huɗu, a kowanne kuma mu tambayi abin da shugaba ya yi.

Na ɗaya, a Janairun 1980, gwamnati ba ta cika wata huɗu ba, aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno kuma ɗan jam'iyyar GNPP, aka tsallakar da shi zuwa Chadi bisa da'awar cewa ba ɗan Nijeriya ba ne. Ma'aikatar harkokin cikin gida ce ta ba da umarnin. Babbar Kotun Maiduguri ta soke korar ta kuma ba shi diyya. Zaɓaɓɓen wakilin jama'a aka yi wa haka, kuma kotu ce ta gyara ɓarnar, ba fadar Shugaban Ƙasa ba.

Na biyu, gobarar gine-ginen gwamnati. A Disambar 1981 ginin da ma'aikatar harkokin waje take ciki a Ikko ya ƙone. A 1982 wuta ta tashi a ofishin lissafin kuɗi na hukumar raya Abuja. A Janairun 1983 dogon benen hukumar sadarwa ta waje a Ikko, wanda ya fi kowane gini tsawo a ƙasar, ya kama da wuta, har ɗalibai suka fita zanga-zanga. Jama'a sun lura cewa wutar ta fi son wuraren da ake zancen binciken kuɗi. Ko zaton nasu daidai ne ko kuskure, gwamnatin da talakawanta suka kai ga yi mata irin wannan zato ta riga ta yi asarar abin da ya fi gini tsada. Abin da aka fito da shi a matsayin magani shi ne shirin gyaran ɗabi'u na 1982, sai kuma ma'aikatar shiryar da al'umma a 1983. Wa'azi aka yi a inda ake jiran hukunci.

Na uku, korar baƙi. Ranar 17 ga Janairu, 1983 aka ba duk baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, sauran kuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru da Togo da Benin. A kan iyakokinmu na Arewa, wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa harshensu ɗaya da namu, danginsu suna tsallaken iyaka ta nan da ta can. Nijeriya tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ECOWAS, ta kuma sa hannu a yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a ta 1979. Leburori da masu gadi da malaman makaranta ba su ne suka cinye ajiyar Babban Banki ba, amma su aka nuna wa yatsa ana saura wata bakwai zaɓe. Wannan kuwa ba aikin wani bafade a ɓoye ba ne, shawarar gwamnati ce da aka shelanta.

Na huɗu, zaɓen 1983. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta fito da rajistar masu ƙuri'a fiye da miliyan 65, alhali ta 1979 ba ta kai miliyan 49 ba. Aka ce Shugaban ya sami ƙuri'a miliyan 12, fiye da ninki biyu na abin da ya samu a 1979, a ƙasar da ma'aikata ba su da albashi. NPN da ke da gwamnoni 7 aka ce ta ci 13. A Ondo, inda aka ce Akin Omoboriowo ya ka da Gwamna Michael Ajasin, gari ya kama da wuta, aka kashe mutane, daga bisani kotu ta mayar wa Ajasin kujerarsa. Hukumar bincike ta Mai Shari'a Babalakin, wadda aka kafa bayan faɗuwar jamhuriyar, ta tabbatar da cewa an tafka maguɗi iri-iri. Lalle sauran jam'iyyu ma sun yi nasu a inda suke da ƙarfi, amma mai riƙe da 'yan sanda da baitulmalin Tarayya shi ya fi kowa alhaki, kuma shi ya fi kowa cin riba.

Hujja mafi ƙarfi a kan uzurin fadawa ita ce abin da Shugaban ya yi da kansa bayan zaɓen. Da ya tashi kafa sabuwar majalisar ministoci a ƙarshen 1983, ya sauke mafi yawan tsofaffin. Wannan ya nuna cewa ikon yana hannunsa tun farko, kuma ya san akwai gyara. Amma ya jira har shekara huɗu, sa'an nan cikin 'yan kaɗan da ya bari har da ministan da aka fi kuka da shi, wanda kuma shi ne ya jagoranci yaƙin neman zaɓensa. Bafaden da ya kawo wa sarki sarauta ba a kiransa baƙo a fada.

6.0 Abin da Adalci Ya Wajabta a Faɗa

Sharhin da ya ɓoye alheri ya zama ƙazafi. A wannan mulki aka buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, da masana'antar ƙarfe ta Aladja a 1982, da masana'antun murza ƙarfe na Katsina da Jos da Oshogbo. An kafa jami'o'in fasaha a Bauci da Makurɗi da Owerri da Yola da Akure da Minna. Jaridu sun soki gwamnati, kotuna sun yanke hukunci a kanta, kamar yadda Kotun Ƙoli ta soke dokar rabon arzikin ƙasa a 1981. Gwamnatocin jihohi na dukkan jam'iyyu sun ci bashi sun yi almubazzaranci, kuma kotunan soja sun ɗaure gwamnoni daga NPN da daga 'yan adawa.

Haka kuma a 1986 kwamitin Mai Shari'a Samson Uwaifo ya wanke Alhaji Shehu da mataimakinsa Dokta Alex Ekwueme daga zargin cin dukiyar jama'a. Mun karɓi wannan hukunci. Sai dai tambayar da aka ba kwamitin ita ce ko mutumin ya ɗauka, ba a tambaye shi ko ya tsare ba. Mai gadin da bai saci komai ba, amma aka kwashe rumbu yana zaune a bakin ƙofa, ba za a kira shi ɓarawo ba, ba kuma za a ce ya yi gadi ba.

Ba ma kuma ganin juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983 a matsayin magani. Sojojin da suka zo sun zauna har 1999, kuma ɓarnar da aka yi a wasu shekarun nasu ta shafe ta farar hula. Wannan ma yana cikin hasarar da muke lissafawa, domin murnar da jama'a suka yi a tituna ran da aka hamɓarar da gwamnatin da aka ce sun zaɓa wata huɗu da suka wuce, ita ta ba soja hujjar shekara goma sha biyar.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun auna uzuri biyu. Game da na farko mun nuna cewa faɗuwar kasuwar mai ta tone ramin da aka riga aka haƙa ne, domin an cinye ajiya an ninka bashi, an yi biris da gargaɗi, kuma wanda ke kan kujerar ya taɓa ganin irin wannan juyi da idonsa. Game da na biyu mun nuna cewa lasin da kwangila su ne abin da ya riƙe jam'iyya mai mulki, cewa wasu daga cikin manyan kurakuran shawarar gwamnati ce a fili, kuma cewa ikon naɗawa da saukewa yana hannun mutum ɗaya.

Ba mu ce Alhaji Shehu Shagari mugun mutum ne ba. Shaidar da aka yi masa ta haƙuri da tawali'u da rashin kwaɗayi mun yarda da ita, kuma an san cewa kujerar dattijo a majalisa ya fara nema, aka tura shi ga wadda ta fi ta. Amma Hausawan da suka ce ba a mugun sarki, su ne kuma suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi rantsuwa sau biyu ya karɓi nauyin duk wanda ya naɗa.

Shawararmu ga 'yan'uwa malamai, musamman masu koyar da tarihi da ilimin zaman jama'a, ita ce mu koya wa ɗalibanmu su raba tambaya biyu da muka saba cakuɗawa, watau halin shugaba a kan kansa da kuma abin da ya faru da amanar da aka ba shi. Tun daga 1983 zuwa yau mun sha jin ana cewa wane mutumin kirki ne, na kusa da shi ne matsala. Muddin muna karɓar wannan amsa, to na kusa da shi ba za su taɓa rasa inuwar fakewa ba. Muna fatan masana da ke wannan zaure za su gyara mana inda muka yi kuskure, su kuma faɗaɗa binciken zuwa gwamnatocin jihohi na wancan zamani, waɗanda wannan takarda ba ta sami sararin bi ta kansu ba.